Ruwan da ke Kwana a Gadon Baba

Garin irin garuruwan nan ne da iskarsu ke da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ka yi wanka, kafin ka gama shafa mai zufa ta sake yi maka wani. Gishiri ya narke a gwangwani, takalmin da ka manta a ƙarƙashin gado ya yi funfuna, bango ma da kansa gumi yake yi. A nan Auta take zaune, a saman wani bene, ita da mijinta direban babbar mota, wanda kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida yawa. Nan kuma aka kawo mata mahaifinta, bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshensa ya karye.

Baba mai wanki da guga ne tun yana saurayi. Mutum ne da idan ya hango ɗigon miya a rigar baƙo, to ba zai ƙara jin abin da baƙon ke faɗa ba har ya tashi. Yakan ce talauci ba abin kunya ba ne, ƙazanta ce abin kunya. Da wannan karatun ya raini 'ya'yansa, kuma ko a ranar da ya faɗi, a kan teburin guga ya faɗi, da farar riga a hannunsa. Yanzu magana ta koma gurnani. Abin da ya rage masa shi ne hannun dama, da kai da yake iya gyaɗawa ko girgizawa, da idanu masu ganin komai.

Yayan Auta yana aiki a wata ƙasa mai nisa, zumuncinsa ta waya yake zuwa. Da ya ji labarin zafin gari yana fesa wa Baba ƙuraje a baya, sai ya sa aka zo aka kafa na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, a saman tagar ɗakin. Masu kafawa suka huda bango, suka zura wani siririn tiyo waje, suka ce ta nan ruwan da na'urar ke tatsa daga iska zai riƙa fita. A gari irin wannan kuwa ruwan ba kaɗan ba ne. Yana sauka daidai kan rumfar kwanon wata tela da ke zaune a ƙasan benen.

Tela mace ce mai kirki, ita ke leƙa Baba da rana idan Auta ta tafi aiki, amma bakinta ba ya ajiye magana. Ta tare Auta a matakala.

“Ƙanwata, wannan abin sanyin naku zai haukata ni. Ɗas, ɗas, ɗas, tun magariba har gari ya waye. Jiya a mafarki ma na ga ina tara kwano.”

“Yi haƙuri, Yaya. Zan san yadda na yi.”

Ba a ɓata wa mai riƙe maka uba rai. Auta ta yanki gefen wani tsohon tawul, ta leƙa ta taga, ta naɗe bakin tiyon da shi, ta ɗaure tamau da zare, ta saki jelar tsumman ta kwanta a bango. Dabararta ita ce ruwan ya riƙa bin tsumma yana silalewa shiru. Haka kuwa aka yi. Ƙara ta ɗauke, Tela ta yi godiya. Da aka kwana biyu ma bangon waje ya bushe ƙarau, har Tela tana tsokanarta wai ta bar aikinta ta buɗe shagon gyara. Ba wanda ya tambayi inda ruwan ya koma. Ita ma Auta ba ta tambaya ba.

Aikinta renon yara ne, a wani gidan da iyaye ke ajiye ƙananan 'ya'yansu su tafi ofis. Ta san shimfiɗa, ta san leda. A makon da aka sallamo Baba daga asibiti fitsari ya taɓa kufce masa sau ɗaya, ya yini bai ɗaga ido ba. Tun ranar ta shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin zanin gado, ta tura gadon ya manne da bangon taga don kada ya faɗo, ta ɗaga gefen ledar ta liƙe shi a bango don kada wani abu ya zurara tsakani. Labule kuwa kullum a sake yake, saboda haske yana damun idonsa. Abin bai sake faruwa ba. Da hannunsa mai lafiya yake jawo robar fitsari ya yi abinsa, ya rufe, ya ture ta ƙarƙashin gado.

Sai wata safiya ta shigo da ruwan ɗumi, ta kashe esi kamar yadda ta saba, ta sa hannu za ta tayar da shi, ta ji zani sharkaf. Ruwa ya taru a kwarin da nauyinsa ya yi a katifa, daga ƙugu har cinya.

“Ba komai, Baba,” in ji ta da sauri. “Lalura ce.”

Ya girgiza kai.

“Wallahi ba komai. Wa ya fi ƙarfin lalura?”

Ya sake girgiza kai da ƙarfi, yana gurnani, yana nuna robar da ke ƙasa. Ta duba, da fitsari a ciki. Ta ce a ranta, ya yi na farko yana farke, na biyu ya zo masa cikin barci. Tausayinsa ya kama ta. Ta canza masa kaya yadda 'ya mai kunya ke canza wa uba: hannu yana aiki, fuska tana kallon ƙofa. Ta dunƙule zanin ba tare da ta duba ba, ta jefa a bokitin da ta riga ta zuba wa maganin kashe wari. Da ma tun da aka kafa esi mura ba ta sake ta ba, hancinta a toshe yake. Ɗakin duka warin asibiti yake yi, don ba ta wasa da fesa magani.

Washegari haka. Jibi haka. Da mijinta ya dawo ya kwana biyu, shi ya sayo famfas ɗin manya, shi ya ɗaura masa na farko, Baba yana ture shi da hannu ɗaya har ya gaji. Da safe famfas ɗin ya sha ruwa ta gefe ya yi nauyi, zani ma ya jiƙe. Mijin ya ce lallai abin na Baba da yawa yake, ya ɗauki jakarsa ya koma hanya.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kullum ba. Wani mai ɗakin gajiya ce ke rufe masa ido. Auta tana tashi ta yi wanki, ta shanya a gari da shanya ba ta bushewa, ta tafi ta yini tana goge wa 'ya'yan mutane gindi, ta dawo ta tarar da zannuwan safe da danshinsu. Bayanta ya riƙe, hannunta ya yi kanta saboda sabulu.

“Abin mamaki, da rana ko ɗigo,” in ji Tela wata yamma, suna tsaye a bakin ƙofa. “Yana kan kujerarsa a falo, tsaf da shi kamar ango.”

“Ai haka yara suke,” in ji Auta. “Da rana su riƙe, barci ne ke cin amanarsu.”

Tana faɗar haka sai dabara ta faɗo mata. A wurin aikinsu, yaron da ke jiƙa shimfiɗa ba a ba shi ruwa idan lokacin barci ya kusa. Abu ne da ta yi shekaru tana yi, kuma yana aiki. Ranar, da ta gama ba shi abincin yamma, sai ta ɗauke kofinsa na silba daga kan durowa. Baba ya bi kofin da ido.

“Sai da safe, Baba. Mu gwada mu gani.”

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A wannan yammacin aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai da rana ta fito. Suka kwana cikin zafi, esi a mace. Da safe ta sa hannu, ta ji zani a bushe, sai ɗan danshin gumi.

“Yauwa! Ka gani ko? Baba ya yi ƙoƙari yau!”

Har da tafi. Sai da maganar ta fita ta ji muryar da ta yi ta da ita, muryar da take yi wa 'yan shekara biyu idan sun zauna a fo. Baba ya dube ta. Hawaye ya gangaro ta idonsa na hagu, wanda ba ya rufuwa sosai, ya shige kunnensa. Kunya ta kama ta, amma murna ta fi kunyar yawa, don a ganinta ta gano magani.

Wuta ta dawo, jiƙa ta dawo. Auta ba ta haɗa biyun ba. Abin da ta gani shi ne maganinta ya yi aiki sau ɗaya, saboda haka ƙara shi za a yi. Ta matso da lokacin ɗauke kofi zuwa la'asar. Ta roƙi Tela ta rage masa na rana. Ta daina dama masa abu mai ruwa-ruwa. Duk da haka kowace safiya sai ta tarar da tafkin nan a ƙarƙashinsa, shi kuma yana girgiza kai, yana miƙa hannun dama ta saman ƙirjinsa yana dukan labule. Ta ɗauka fushi ne. Tsofaffi da yawa ciwo yana mayar da su masu faɗa.

Ranar da abin ya lalace, ta makara, ga zazzaɓin mura, ga babu busasshen zani ko ɗaya a gidan. Yayanta na ƙasar waje ya kira tana tsaka da naɗe shimfiɗa, ta sa wayar a amsa-kuwwa ta ajiye a kan durowa.

“Ya jikin Baba? Esi yana aiki dai ko?”

“Esi lafiyarsa ƙalau, ni ce ba ni da lafiya! Kana can kana tambayar esi. Baba fitsarin kwance yake yi, Yaya, kullum ta Allah! Yaran da nake reno ma sun fi shi riƙewa. Kuma in na yi magana ya girgiza min kai, sai ka ce ni ce nake zuwa in yi masa!”

Sai da ta rufe baki ta ji hucin esi da ta manta ba ta kashe ba. Ta juyo a hankali. Baba ba ya girgiza kai. Ya kafa wa jiƙaƙƙen zanin da ke hannunta ido, irin kallon da yake yi wa tabon da ya ƙi fita. Ɓarin da ke manne da bango ba ya jin komai, shi kansa ya san haka. Wataƙila a ranar ya ce wa kansa, tunda ban ji hannuna ba, ta yaya zan rantse na ji sauran? Ta ga lokacin da ya yarda shi ke jiƙa gadon. Gara a ce ya zage ta.

Ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta ce sharrin gajiya ne. Ya ɗora hannu a kanta, alamar ya yafe. Ta kawo masa kofi cike da ruwa don ta wanke laifinta. Ya sa bayan hannu ya ture shi a hankali.

Daga ranar Baba ya karɓi dokar daga hannunta, ya fi ta tsanantawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana fitar da dattin wasu ba zai zauna yana zuba wa 'yarsa nasa ba. Da safe ya kurɓi abin da zai haɗiye magani, shi ke nan. In ta kawo kofi ya datse baki. In ta kawo cokali ya kawar da kai wajen bango. Leɓensa ya tsattsage, idanunsa suka faɗa, fatar hannunsa in ka ja sai ta tsaya a tsaye. Robar da ke ƙarƙashin gado ta koma kwana babu komai.

Yanzu ita ce mai roƙo.

“Baba, don Allah ka sha. Ka jiƙa gadon, ni na ce ka jiƙa. Wankin nan ba ya damuna, wallahi ƙarya na yi.”

Ya rufe ido.

“To rabin cokali. Don darajar Inna da ke kabari.”

Ko motsi. Tsoro ya shige ta sosai, irin wanda ke hana cin abinci. Kuma abin da ya fi ɗaure mata kai, gadon bai fasa jiƙewa ba. Ta tambayi Tela, mutumin da ba ya sha, daga ina yake samun abin zubarwa?

“Jikin ne ke tsiyayewa, ƙanwata,” in ji Tela, ta rage murya. “Haka kakata ta yi da tafiyarta ta matso. Sai addu'a.”

Rashin sani ya fi dare duhu. Suka yi addu'ar, suka bar labule a sake.

Wata safiya ta kira shi bai buɗe ido ba. Jikinsa zafi, numfashinsa sama-sama. Ta ƙwalla wa Tela kira, maƙwabta suka kama aka sauko da shi, aka sa a mota. A asibiti likita ya ja fatar hannunsa, ya duba harshensa, ya juyo.

“Yaushe rabonsa da ruwa?”

“Ƙi yake yi, likita.”

“Fitsari fa?”

“Kullum. Har gado yake jiƙawa.”

Likita ya dube ta, ya dubi jakar fitsarin da aka rataya a gefen gado, wadda babu komai a cikinta sai ɗan abu ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ya ce ƙodarsa ta gaji, za su sa masa ƙarin ruwa, amma kada ta sa rai da yawa. Auta ta zauna a kan benci.

Sai washegari da hantsi ta koma gida ɗauko masa kaya. Tela ta tare ta a ƙasa, ta ce ta hau jiya ta cire jiƙaƙƙen zanin, ta goge ledar tas, ta shimfiɗa nata sabo, don in Allah ya tashi kafaɗunsa ya dawo ya tarar da wuri tsaf.

“Sai dai abin sanyin nan na rasa yadda ake kashe shi.”

“Rimot ɗin yana jakata,” in ji Auta.

Ta buɗe ɗakin, sanyi ya buge ta. Ta nufi durowa, sai idonta ya faɗa kan gadon. Sabon zanin Tela, mai furanni, shimfiɗe ba ko lanƙwasa. A tsakiyarsa, daidai kwarin da jikin Baba ya bari, ruwa ne kwance.

Ta sa tafin hannu a ciki. Sanyi ƙarara, kamar na randa. Duk safiyar duniya ɗumin jikinsa ne ke ɓoye mata wannan sanyin. Ta bi jiƙar da yatsa, daga kwarin zuwa gefen gado, daga gefen gado zuwa inda ta liƙe leda a bango da hannunta. Ta kama labulen da Baba ya yi ta duka, ta yaye.

Ga shi nan. Siririn ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin esi, yana bin fenti a hankali, ya yi wa kansa hanya har gansakuka ta fara bin sawunsa. Yana sauka kan ledar, ledar tana miƙa shi tsakiyar gado, ba ta zubar da ko ɗigo a ƙasa ba. Aikinta ya yi kyau.

Ta buɗe taga ta leƙa. Tsumman yana nan inda ta ɗaure shi, ya kumbura, ya yi baƙi, ya zama dunƙulen yauƙi. Ta ja, zaren ya ƙi. Ta ɗauko almakashin da take yanke wa Baba farce ta datse shi. Da farko ba abin da ya fito. Ta matsa tiyon, ta girgiza, sai wani guntun abu kamar majina ya sulluɓo, ruwa mai wari ya biyo shi da ƙarfi, ya zube a rumfar kwano kamar an juye bokiti. Sannan ya koma yadda yake a da. Ɗas. Ɗas. Ɗas.

Tela ta leƙo daga ƙasa, da tsinken ɗinki a baki.

“Ƙanwata! Abin nan fa ya dawo!”

“Bar shi ya zuba, Yaya.”

“Me kika ce?”

Auta ta saki tiyon. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a mutuwar Inna. Baƙin ciki ne da haushin kanta. Garin neman gira ta rasa ido: tsumma don a huta da ƙara, leda don a tsare katifa, ɗauke kofi don a huta da wanki. Ba mugunta ko ɗaya a ciki, kuma shi ya fi ci mata rai. Sannan ta tuna har yanzu yana da rai. Ta miƙe, ta bar kayan da ta zo ɗauka, ta bar ƙofa a buɗe.

Ta same shi yadda ta bar shi, robar ƙarin ruwa a hannu, baki a bushe kamar ɓawon itace. Ta durƙusa ta ɓangaren dama, kunnen da ya fi ji, ta kama hannunsa.

“Baba, ni ce, Auta. Ba kai ba ne. Ka ji? Esi ne ke yoyo ta bayan labule. Ni na toshe shi da tsumma. Gaskiyarka ce tun farko, ba kai ke jiƙa gadon nan ba. Tsaf kake, Baba. Tsaf kake.”

Ta faɗa, ta sake faɗa, har matar da ke jinya a gadon kusa ta juyo tana kallonta. Fuskarsa ba ta canza ba. Wata nas da ke wucewa ta tsaya, ta miƙo mata kofi da ƙaramin cokali.

“Ki ɗan jiƙa masa leɓe, 'yar'uwa. Ko ba ya ji, zai ji daɗinsa.”

Auta ta ɗebo rabin cokali.

“Sha, Baba. Yanzu ba komai. Sha.”

Idonsa a rufe, bai san inda yake ba, bai san wa ke kansa ba. Amma da sanyin ruwan ya taɓa leɓensa, sai ya datse baki, ya kawar da kai wajen bango.